Baƙi, jikin katako ko mai launi: amsar tambayarka kan kayan sauti na falo

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, ina fata kowa lafiya. Ka ce kuna shirya falon sabon gida, amaryarka ta ga fararen sifikoki sun kwanta mata a rai, abokanka kuma sun ce kayan sauti na kirki baƙaƙe ne ko masu jikin katako, masu launi na yara ne. Kana son sanin ko wannan al'ada tana da tushe.

Al'adar ba ta kai tsufan da suke zato ba. A shekarun 1970 amfilifayar Pioneer, Sansui, Kenwood da Marantz, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, yawancinsu fuskar alminiyum gare su ruwan azurfa, wasu a cikin akwatin katako. Baƙi bai mamaye kasuwa ba sai a shekarun 1980. Kamfanin Accuphase na Japan har yau ruwan zinariya mai haske yake yi, McIntosh na Amurka kuwa baƙin gilashi da shuɗayen mitoci. Shi ma launin ba baƙo ba ne. Tun 1956 Braun na Jamus ya fitar da SK4, rediyo da garmaho a farin akwati. Sifikar JBL L100 ta 1970 soson gabanta ruwan lemo ne, ko shuɗi, ko ruwan ƙasa, kuma da aka dawo da ita a 2018 ba a bar ruwan lemon ba. Kowane zamani dai abin da ya tashi ya tarar shi yake kira na gargajiya.

Kunne ba ya jin launi. Abin da yake ji shi ne ƙoƙon sifika da ke girgiza ya fitar da sauti, da wayoyin ciki, da ƙarfin akwatin. Yawancin akwatunan yau da katakon MDF ake yin su, wato garin itace da aka matse da gam, kuma na kirki kaurinsa kan kai milimita 18 zuwa 25, da tokare a ciki. Ka ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa. In ka ji ya amsa gajere, a dunƙule, lafiya lau. In ya yi amo kamar fankon kwali, ka bar shi ko da wane irin kyau aka yi masa.

Inda zaɓin ke da nauyi shi ne yadda kowane jiki ke tsufa a ɗakinka, tsakanin ƙurar hunturu, zafin bazara da danshin damina. A nan nake so ka tsaya.

Abin da ake ce wa jikin katako iri biyu ne, kuma a hoto ba ka iya raba su. Akwai fallen itace na gaske, wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba, da ake mannawa a kan MDF. Akwai kuma leda mai zanen katako. Ka duba kusurwar baya da ƙasan akwatin: zanen leda yana maimaita kansa, jikinta sulɓi ne bai ɗaya, na gaske kuwa yana da 'yan ramuka da farce ke ji. Zafi kan saki gam ɗin ledar ta fara ɗagowa daga kusurwa, in kuma ta yage ba ta da gyara sai a ɓare ta duka. Fallen gaske matsalarsa bushewa. Idan iskar hunturu ta zuƙe danshinsa sai ya tsuke, ƙasansa bai tsuke daidai da shi ba, sai ka ga siririn tsagu ya bi tsawon zanen. Amma shi yana gyaruwa. In ya ɗago, ka zura farin gam na kafinta da bakin reza, ka share rarar da tsumma mai ɗan danshi, ka ɗora takarda da abu mai nauyi har awa 24. In asali da mai aka gama shi, a shafa masa man katako kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge rarar bayan minti 15. In banish aka zuba masa, mai ba ya shiga, sai dai ya zauna a sama ya kama ƙura. Man gyaɗa da man ja kada su kusance shi, ɗoyi suke yi su yi danƙo.

Baƙi mai sheƙi kamar madubi shi ya fi ɗaukar ido a shago, shi ne kuma ya fi wahala a gida. Ƙurar wuni ɗaya tana bayyana a kansa, shatin yatsa haka. Mafi muni, ƙurar hunturu tana da ɗan yashi a ciki, kowace shara da busasshen tsumma tana barin zane, bayan shekara in fitila ta haska sai ka ga kamar saƙar gizo-gizo. A fara kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, sannan a bi da tsumma mai taushi da aka jiƙa aka matse sosai, a ja shi miƙe, ba a zagaye ba.

Farin da amaryarka take so ya fi baƙi ɓoye ƙura nesa ba kusa ba. Abokan gabansa biyu ne, rana da hayaƙi. Farar roba da wasu fenti suna komawa ruwan ƙwai in rana na dukansu, kuma in sifika ɗaya ce ke kusa da taga, ita kaɗai za ta canza, biyun su daina dacewa. Hayaƙin turaren wuta kuwa yana da maiƙo, yana kama farin yadin gaba ya mai da shi ruwan ƙasa. Gidan amarya ba ya rabuwa da turare, don haka a sa kaskon nesa da su, a kuma rufe su da mayafi kafin a turara falon. Ja da ruwan lemo sun fi saurin koɗewa a rana. Har baƙar fuskar amfilifaya ma, da yake rini ne aka shigar cikin fatar alminiyum, in ta daɗe a rana takan juya ta yi ja-ja ko shunayya, kuma gugar duniya ba ta dawo da ita.

Abu ɗaya ya shafe su duka: kada tina, fetur, kananzir ko sifirit su taɓa fuskar na'ura. Rubutun maɓallan bugawa aka yi a sama, shafa ɗaya kan ɗauke shi. Kada kuma a ajiye akwatin MDF kai tsaye a daɓen da ake gogewa da ruwa. Ƙasansa na shan ruwa ya kumbura kamar burodi, ba ya kuma komawa. Ƙafafun roba na santimita 1 zuwa 2 sun isa.

In kun samu na hannu mai sauti mai kyau kuna son mai da shi fari, yana yiwuwa. A kwance ƙoƙunan, a sa wa kowace waya alama, domin in aka juya wayoyin sifika ɗaya, ƙasan sautin, wato kaurinsa, zai zube. A ɓare ledar, a wanke gam, a bi da sanfefa mai lamba 180 sannan 240. Bakin MDF yana shan fenti kamar soso, sai an fara toshe shi da gam da aka ɗan sirka da ruwa. Fentin farko da ake shimfiɗawa kafin launi shafi biyu, sanfefa 400, sannan launi shafi uku sirara, kowane ya bushe kafin na gaba. Shafi mai kauri ɗiga yake yi, feshi a ranar ƙura kuma yashi yake kamawa. A bar shi mako guda kafin a mayar da ƙoƙunan. Ƙoƙon kansa ba a fente shi, nauyin fentin yana canza sautinsa, ramukan iskar amfilifaya ma ba a toshe su. Sai dai tsohuwar sifika mai fallen itace na gaske, wannan ban yarda a rufe ta da fenti ba, darajarta faɗuwa take yi a wurin masu saye.

A nawa ganin, ku sayi farin, amma marar sheƙi, mai yadin gaba ruwan toka wanda ake iya cirewa, ku haɗa shi da amfilifaya ruwan azurfa. Ku ajiye su inda ranar yamma ba ta kaiwa, a bar wa amfilifayar sarari kamar santimita 10 a sama don zafi ya fita. Kafin ka biya, ka sa a kunna maka waƙar da ka sani sarai, a ɗaga sauti a rage, ka kuma tabbatar an ba ka biyun daga kwali ɗaya, don fari ma yana da ruwa-ruwa.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya sanya alheri.