Tambaya da Amsa: Ƴan tsakina na mutuwa a cikin ƙwai, meye dalili?

Tambaya: Salam Malam, sannu da aiki. Ina kiwon kajin gida, ina tara ƙwai in kai injin ƙyanƙyasa, to amma da yawa baragurbi suke zama, idan na fasa sai inga ɗan tsako har ya yi gashi amma ya mutu, wasu ma ƙafa a lanƙwashe. Mai injin yace ba daga wajensa bane. Dusa da tsakin masara nake basu kuma suna ƙwai sosai. Dan Allah meye matsalar? Daga wata mai kiwo a Funtua.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko a tabbatar wutar injin bata yankewa kuma ana juya ƙwan, amma yadda kika bada bayani ni nafi zargin abincin.

Kinga ɗan tsako kwana 21 yake yi a cikin ƙwai, kuma tunda kaza ta ajiye ƙwan babu abinda zai ƙara shiga sai iska, duk abinda zai ci ya gina jiki yana cikin gwaiduwa da farin ƙwai, ƙashinsa ma daga ɓawon yake jan sinadarin kalsiyam. To kaza zata iya ci gaba da zuba miki ƙwai da dusa kawai, ƙwan a soya a ci lafiya lau, amma guzurin da ta sa a ciki bai kai yaron ƙarshen tafiya ba. Shi yasa yawan ƙwai ke yaudarar masu kiwo.

Ƙarancin bitamin B2 yana kashe su a ciki, gashin ma zaki ganshi a dunƙule kamar ƙulli-ƙulli. Idan sinadarin manganis ko bitamin ɗin da ake kira bayotin ne babu, sai ƙafa ta gajarce ko ta lanƙwashe, baki ya tanƙware. Masara kuwa ƙarfi take bayarwa, wajen waɗannan bata da wani abin kirki.

Ki koma basu abincin masu ƙwai da aka haɗa da firimis (wato garin haɗin bitamin da sinadarai) na kajin ƙyanƙyasa, furotin wajen kashi 16 cikin 100, kalsiyam kashi 3 zuwa 4. In kuɗi bai kai ba ki haɗa da waken soya soyayye ko ƙuli-ƙuli marar gishiri, garin ƙashi da ganyen zogale, ki barsu su fita su tsinci ƙwari. Zakaran ma a bashi mai kyau, ba ado yake yi a akurki ba. Dan Allah banda masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna, gubar ta tana shiga ƙwai.

Kada ki canza abinci yau ki kai ƙwan gobe, gwaiduwa tana ɗaukar sama da mako tana haɗuwa a cikin kaza, ki bari kamar sati uku tukunna. A kwana na 7 da sa ƙwan a inji ki haska shi da tocila a cikin duhu, mai rai zaki ga jijiyoyin jini, wanda yake fayau ki cire shi.