Kafin ka ja layin falo, ka tambayi inda za a dasa bishiya

Ka ce wani malamin makaranta ya nuna maka fili a Marwa ta Kamaru, mita 20 a 25, yana son ɗaki huɗu da falo da lambu, kana tambaya ta ina za ka fara zanen. To zauna, yaro, domin lambun nan da kake ɗauka ado ne shi ya taɓa cinye min sefa dubu 600.

Wani Alhaji ne, ba zan kama sunansa ba. Filinsa ƙasar karal ce, baƙar lakar nan da ke kumbura in ta sha ruwa, in rani ya yi ta dare har ka zura hannu a tsagar. Na haƙa tushe sai da na wuce ƙuguna, na zuba yashi, na ɗaure shi da rodi mai kaurin milimita 12, simintin kamfanin garin Figil ban rage ko buhu ɗaya ba. Da bakina na ce masa kada a dasa komai a jikin bango. Ina juya baya ya jera darbejiya uku da furanni a gindin bangon yamma, yaron gida yana kwarara musu ruwa safe da yamma. Gefe guda na tushe kullum a jiƙe, ɗaya gefen ƙayau. Damina ta biyu bango ya tsage daga taga har ƙasa, ƙofar ɗakin uwargida ta ƙi rufuwa. Sai ya riƙe cikon kuɗina, ya shiga gari yana cewa na saci siminti. Babur ɗina na sayar na biya leburori. Har yau in na bi ta layin nan kawar da kai nake yi.

Saboda haka ka fara da lambun. Mangwaro da darbejiya su yi nesa da bango da ramin masai, mita takwas ko fiye, can ƙarshen fili wajen yamma, inda za su tare ranar la'asar. Kusa da madafi zogale da lemun tsami sun isa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya sha yaɓe mai kauri, tagoginsa ƙanana. Zaure kuwa kada ƙofarsa ta kalli tsakar gida, baƙo ya zauna yana hango iyali. Zancen awo da kusurwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya su ba ya koma ɗaukar bulo.

Ku yaran yanzu sai ku ga hoton gidan Dubai a waya, gilashi tun daga sama har ƙasa, ku ce shi za ku yi wa mutum a garin da zafin Afirilu ke wuce digiri 40. Ajiye wayar nan. Gobe da asuba ka zo da diga da igiya, mu je mu haƙa mu ga ƙasar malamin tukuna.