Gwaninka ya faɗi firamare, to yanzu ƙuri'arka ta wa?

Salamu alaikum ɗan uwa. Tambayarka ita ce, idan anka yi zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa anka kada wanda kake so, shin jam'iyya na komawa ta haɗe kamar da, kuma kai mai ƙuri'a dole ne ka bi wanda anka tsayar ko kuwa. Ni dai na daɗe ina aikin ejan a mazaɓarmu nan Argungu, bari in faɗa ma abin da idona ya gani.

Mu fara da waɗanda ke zaɓen nan tukuna. A firamaren PDP na watan Mayu 2022 a Abuja, deliget ɗaya anka ɗauko daga kowace ƙaramar hukuma, mu Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare mu, ka ga kenan mutanen da ba su cika bas biyu ba su ne sunka yi magana da yawun jiha guda. Manomin shinkafa da ke Suru ko masunci a Yauri ba wanda ya tambaye shi, to don me za ka zaci zai ji wajibi ne a kanshi ya bi abin da sunka yanke? Wanga shi ne abin da manya ke mantawa kullum, sai a ɗaga hannun mutum a talbijin a ce an gama, alhali nan ƙasa ba a ma fara ba.

A wancan zaɓen Atiku ya samu 371, Wike 237, bayan Tambuwal ya janye ma Atiku ana dab da jefa ƙuri'a. Wike bai bar jam'iyya ba, kuma wallahi da ma ya bari da ya fi musu sauƙi. Ya zauna ciki shi da Makinde da Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi, gwamnonin PDP biyar da ake ce ma G5, sunka ce tunda ɗan takara ɗan Arewa ne to Iyorchia Ayu ya sauka daga shugabancin jam'iyya a ba Kudu. Anka yi ta zama ana tashi, Ayu bai sauka ba, mataimaki kuma anka ba Okowa. Ranar zaɓe jihohin nan biyar ko ɗaya Atiku bai ci ba, Ribas da Oyo da Binuwai anka ba Tinubu, Abiya da Inugu Obi ya kwashe. Ka ƙara da cewa Kwankwaso da Obi duk 'yan lema ne a farkon 2022 kafin su fice, Obi ya samu sama da miliyan 6, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi, tazarar da ke tsakanin Tinubu da Atiku kuwa ba ta kai miliyan 2 ba. Kai ma yi lissafin.

Amma ba kullum firamare mai zafi ke raba jam'iyya ba. A firamaren APC na Disamba 2014 a Legas Buhari ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, kuma duk sunka shigo kamfen, saboda kowa ya ga guguwar da ta taso, kowa na da abin da zai samu idan anka ci, kuma talaka nan Arewa shi ya riga ya yanke shawara tun kafin deliget su zauna. Lokacin ne anka yi "sak", mutum bai ma san sunan ɗan majalisar da ya dangwala ma ba, tsintsiya kawai ya gani.

To wannan sak ɗin fa ta mutu, kuma ba sai ka je nesa ba, dubi gidanmu. A 2022 Sanata Adamu Aliero da Sanata Yahaya Abdullahi, wanda a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, sunka bar APC sunka koma PDP saboda rikicin ragamar jam'iyya da tikiti tsakaninsu da ɓangaren gwamna Bagudu. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 Atiku ya ci Kebbi, kujerun sanata ukun ma a ƙarshe duka PDP ta ɗauka, Aliero ya kada gwamna mai ci a Kebbi ta tsakiya. Sai ga zaɓen gwamna, mutanen nan dai su ne, akwatunan su ne, amma Nasir Idris Kauran Gwandu na APC ya ci bayan zaɓen cike giɓi a watan Afrilu. Maƙwabtanmu Zamfara sai sunka yi akasin haka, sunka ba Tinubu shugaban ƙasa sannan sunka kada Matawalle sunka ɗora Dauda Lawal na PDP. Kuma su Zamfara sun fi kowa sanin kuɗin rikicin firamare, 2019 APC ta ci komai a akwati, kotun ƙoli ta ce ba ta yi firamare sahihi ba saboda faɗan su Yari da Marafa, kujerun kusan gaba ɗaya sunka koma hannun PDP.

Abin da na lura da shi a akwati shi ne, zagon ƙasa ba ya zuwa da hayaniya. Ba wanda zai hau mumbari ya ce kar a zaɓi ɗan takararmu. Kawai za ka ga shugaban mazaɓa da ubangidanshi ya faɗi bai kira taro ba, shugabar mata ba ta shiga gida gida ba, motar da ta saba ɗauko tsofaffi daga ƙauye ba ta fito ba, ejan ya tafi sallah bai dawo ba har anka fara ƙirga. Kowa na sanye da hular jam'iyya, fosta na manne a ƙofar gidanshi, amma ƙuri'a ta tafi wani wuri ko ta kwana gida. Kuma yawanci ba ƙiyayya ce ba, ba a neme su ba ne. Wanda ya ci sai ya kewaye kanshi da yaranshi, kwamitin kamfen duk nasu, waɗanda sunka yi ma abokin takara wahala a riƙa kallonsu kamar 'yan leƙen asiri. Kwamitin sulhu kuma iyakarshi gidan manya a Abuja da Birnin Kebbi, a sha shayi a ɗauki hoto, wanda ke riƙe da rajistar mazaɓa ko waya ba a buga mishi ba, wannan abin yana min ciwo ƙwarai.

Game da kai kuwa, idan kana riƙe da muƙami a jam'iyya to amana ce, ko ka yi aiki tsakani da Allah ko ka ajiye ka fita a fili, cin kuɗin kamfen kana yi ma wani aiki da dare ha'inci ne ko wa ya yi shi. Idan kuwa katin zaɓe kawai gare ka, ba ka yi ma kowa rantsuwa ba, ka duba wanda anka tsayar, me ya ce kan tsaro a Danko Wasagu da Sakaba, me ya ce kan taki da farashin shinkafa, ka auna da na sauran. Kar ka ɗauki fushin wani babba ka ɗora a kanka, sanatocin nan uku da anka yi ta ɓatawa da 'yan uwa saboda su a 2023, a watan Mayu 2025 duka sunka shiga APC.