Amsa ga 'yar'uwar da ƙanenta ya maƙale wa waya a jami'a

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun da ƙanenki ya shiga jami'a ba ya ajiye waya, har ya fara faɗuwa jarrabawa, alhali abokin ɗakinsa ma kullum yana intanet amma karatunsa lafiya lau. Kina tambaya ko hali ne.

Na daɗe ina koyarwa a babbar makaranta, ire-irensa sun sha zama a ofishina. Ƙwarai hali yana da hannu. Masana halayyar ɗan Adam sun sha gano cewa ɗalibi mai yawan damuwa da saurin shiga ƙunci ya fi saurin kamuwa da jarabar intanet, mai tsari da iya danne son ransa kuwa ya fi tsira. Masu damuwar nan su suka fi ba ni tausayi. Yaro ne mai kunya, a gida ana tashinsa sallar asuba, ana tambayarsa ina ya je. Ya zo makaranta ba mai sa masa ido, lakca ta yi masa nauyi, kunya ta hana shi ɗaga hannu ya yi tambaya. Sai ya kwanta da TikTok har tsakar dare don ya manta. Gobe ya makara, tsoron faɗuwa ya ƙaru, ya sake komawa wayar. Wallahi da yawansu ba sangartattu ba ne.

Kada ki tsaya lissafa awannin da yake yi. Tun 1998 wata masaniya 'yar Amurka, Kimberly Young, ta fitar da ma'aunin gane jarabar intanet mai tambayoyi 20, kuma abin da ta fi bibiya shi ne: yana wuce lokacin da ya yi niyya? Yana rasa barci? Yana ɓoye daɗewarsa a kai? Ransa yana ɓaci in ba intanet? Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, ɓarnar da abin ke yi wa rayuwar mutum ta duba.

Ƙwace waya ban taɓa ganin ya yi magani ba; ta aboki zai ara, ya kuma daina gaya miki gaskiya. Ki zauna da shi ku biyu, ki fara da tambayar wane kwas ne ya fi ba shi wahala, da su wa yake cin abinci. Ku yi yarjejeniya wayar ta riƙa kwana nesa da katifarsa, ya kuma shiga rukunin masu bitar karatu. In kin lura ya daina shiga mutane, ko ya rame, ki raka shi asibitin makaranta ya ga likita, don wani lokacin ciwon damuwa ne a ƙarƙashi. Allah Ya ba shi sauƙi.