Tokar Laraba da azumin gidan mijinki

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Ki gaida maigidanki da surukanki, ki ce ina yi musu fatan alheri. Kin ce tun da aka kai ki Yawuri kike ganin abubuwan da ba ki saba da su a majami'armu ta Zuru ba: wata Laraba kowa ya dawo da toka a goshi, ran Jumma'a ba a sa nama a miya, Fada kuma yau riga shunayya, gobe fara. Kina so ki san ko wannan yana cikin Littafi Mai Tsarki ko al'adar 'yan Katolika ce kawai, kuma ko laifi ne ki bi su.

Al'ada ce, ba zan ɓoye miki ba. Babu ayar da ta ce a shafa toka ran Laraba. To amma ina ayar da ta ce a yanka akuya, a ɗinka anko ran 25 ga Disamba? Babu ita, ga shi kuwa ba mu taɓa fashin Kirsimeti ba. Abin dubawa shi ne inda al'adar take kai mutum. Wannan kuwa na ga inda take kaiwa: kowace shekara tana bi da mai bi cikin labarin Yesu daga fari har ƙarshe, har da wuraren da shi kansa ba zai zaɓa ya karanta ba.

Shekararsu ba a Janairu take farawa ba. Tana farawa Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, lokacin da mu nan ake ta kai dawa rumbu, hunturu ya soma busawa. A makonnin nan ana karanta annabawa, musamman Ishaya, da wa'azin Yahaya Maibaftisma, don mutum ya koyi jira kafin ya yi murna.

Tokar da ta ba ki tsoro kuma, ganyen dabinon da aka ɗaga a Lahadin Dabino ta bara ne ake ƙonawa. In ana shafa ta ana tuna wa mutum abin da Allah ya faɗa wa Adamu a Farawa 3:19, cewa shi turɓaya ne, ga turɓaya kuma zai koma. Ayuba ya tuba cikin toka, sarkin Nineba ma ya zauna cikinta. Daga Larabar zuwa Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, kwana 46 ne, in kin cire Lahadi shida da ba a azumi a cikinsu saura 40, adadin kwanakin da Ubangiji ya yi a jeji. Abin da yake burge ni, a ranar ce ake karanta Matiyu sura 6, inda Yesu ya ce mai azumi ya wanke fuskarsa kada mutane su gane. Wato da bakinsu suke gargaɗin kansu kada tokar ta zama ado.

Dokar azumin ba ta da nauyi kamar yadda kike zato. Ranar toka da Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji ne ake rage ci, a ci cikakken abinci sau ɗaya, sauran Jumma'o'in kuma a bar nama. Mai ciki da mai shayarwa da marar lafiya ba a matsa musu. Ni dai dariya nake yi in na tuna Yawuri bakin Kwara take. Wanda ya bar naman akuya ya zauna gaban giwan ruwa da man ja, me ya bari? In za ki yi, ki bar abin da za ki ji rashinsa, kuɗin kuma ki kai wa gwauruwar da ke unguwarku. Ishaya 58 ya yi bayanin irin azumin da Allah yake so, ki karanta shi kafin ki fara.

Kin kuma yi mamakin yadda Ista take yawo. Tashin Ubangiji ya faru ne a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, su kuwa da wata suke lissafi. A taron Nikiya na shekarar 325 shugabannin ikkilisiya suka amince a riƙa yin bikin rana ɗaya, lissafin da aka zauna a kai kuwa shi ne Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris. Shi ya sa ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A ƙasarmu tsakiyar bazara ke nan, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya fara sauka. Bayan kwana 40 sai hawan Yesu sama, a kwana na 50 Fentikos, saukowar Ruhu Mai Tsarki.

Daga nan sai dogon lokacin da Fada yake sa koren riga, wanda yake cinye damina gaba ɗaya har kaka. Akwai bukukuwa nan da can a cikinsa, amma yawanci koyarwa ce da misalai, Lahadi bayan Lahadi. Shekara ɗaya ana bin Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, Yahaya kuma ana saka shi musamman wajen Ista. A nan nake ganin sun fi mu tsari. Mu fasto yakan zaɓi abin da ya ga dama, in mai son Malakai 3 ne, sai ku sha wa'azin zakka har ku haddace.

Game da laifi, karanta Romawa 14:5-6. Bulus ya ce wani yana ɗaukaka wata rana, wani yana ganin ranaku duka ɗaya ne, kowa ya tabbata a zuciyarsa, ya yi domin Ubangiji. Kada ki yi wa surukarki gardama a kan tukunya, kada kuma ki karɓi toka don kunya alhali zuciyarki ba ta yarda ba. Ki roƙi katikis ya ba ki jerin karatun mako, ke da maigidanki ku riƙa karantawa da Hausa bayan tuwon dare. In kun zo Zuru hutun Ista ki taho mini da jerin, ina so in nuna wa shugabar Zumuntar Mata.