Amsa: Sana'ar ƙaramin lambu a cikin kwalba, ku uku

Malama, kin ce ku uku ne kuke son fara haɗa ƙananan shuke-shuke a cikin kwalba don kwalliya, kina tambayar ta ina za ku fara a nan Kaduna.

Kwalba ba za ta ba ku wahala ba, ku zaga Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi. Abin da ke kashe shukar shi ne yawan ruwa, tunda kwalbar ba ta da hujin da zai tsiyaye. Ku fara zuba tsakuwa, sai dakakken gawayi saboda wari, sannan ƙasa mai laushi. Kwalba mai murfi ta tsirrai masu son laima ce, irin gansakuka. Masu kama da alobera kuwa sai buɗaɗɗiya, da ƙasa mai yashi, in ba haka ba saiwarsu ruɓewa take. Ku gaya wa mai saye kada ya ajiye kwalbar a rana, gilashi dafa ganye yake. Da hunturu buɗaɗɗiyar kan bushe da wuri.

Batun kuɗi kuma, wallahi ku rubuta shi tun yanzu: kason kowa, da mai riƙe asusu. Ɗaya ta riƙe haɗawa, ɗaya hoto da WhatsApp, ɗaya kai kaya. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ta jira har ciniki ya kankama.