Jam'iyya, izu da tsintsiyar Iran

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya: "Malam, jam'iyyar da ta haɗa malaman Iran bayan juyin 1979 sunanta ya fara da Hizb. Me ya sa muke fassara shi da jam'iyya? Kuma daidai ne a ce mata tsintsiya maɗaurinki ɗaya?"

Ɗan'uwa, jam'iyya ta fito daga tushen Larabci j-m-ʿ, wato tarawa, gida ɗaya da jama'a, Juma'a da jami'a. A Larabci ƙungiya ake nufi da ita, ta taimakon juna ko ta ilimi. Ta siyasa kuwa hizb ce. Mu ma da haka muka soma: Jam'iyyar Mutanen Arewa ƙungiyar raya al'adu ce a 1949, sai a 1951 ta rikiɗe ta siyasa. Shi kuwa hizb tuni ya shigo mana ta makarantar allo. Shi ne izu ko izifi, kashi ɗaya cikin sittin na Alƙur'ani. Kalmar ta riga ta kama aiki a bakin almajiri, siyasa ba ta same ta ba.

A kula kuma: abin da ya faru a Iran juyin juya hali ne, domin jama'a suka tashi aka sauya tsarin gaba ɗaya. Juyin mulki na sojoji ne ko 'yan fada.

Batun tsintsiya ya fi buƙatar natsuwa. Ɗauki tsintsiyar kaba ka duba: tsinke ɗaya da yatsu biyu ake karya shi, ƙarfin yana wurin igiyar da ta ɗaure gindin. A watan Fabrairun 1979 malamai biyar, wato Beheshti, Rafsanjani, Khamenei, Bahonar da Musawi Ardabili, suka kafa jam'iyyar da kake tambaya a kanta, Jam'iyyar Jamhuriyar Musulunci, don tattara masallatai, 'yan kasuwa da matasa a bayan Khomeini, jagoran juyin. Ta yi shara kuwa: ta rinjayi majalisar farko a 1980, ta tsige shugaban ƙasa Bani Sadr a Yunin 1981. Har nan karin maganar ta zauna daram.

Amma maɗaurin ba tsarin jam'iyya ba ne, biyayya ga Khomeini ce da abokan gaba na tarayya. Ranar 28 ga Yunin 1981 bam ya tashi a hedikwatarta, ya kashe Beheshti da mutum sama da 70. Da abokan hamayya suka kau, sai rikicin ya koma cikin gida: ɓangaren firaminista Mir Husaini Musawi na son gwamnati ta riƙe tattalin arziki, malaman da ke kusa da 'yan kasuwa sun ƙi. Wannan zangon ba a kiransa tsintsiya. Mu dai zaman 'yan marina za mu ce, inuwa ɗaya amma kowa da inda ya sa gabansa. A 1987 Rafsanjani da Khamenei suka nemi Khomeini ya yarda a dakatar da ayyukanta, ya kuwa amince.